Ƙurungun Fadamar Furana

Aikina kifi ne, amma ba irin wanda ake barbaɗa wa yaji ba. Ƙananan nan nake bi, dangin tarwaɗa da ƙurungu, in auna su, in ƙirga ƙayoyinsu, in gano ko masana sun taɓa sanin irinsu. 'Yan'uwana har gobe tsiya suke yi mini, wai an kai Safiyatu jami'a ta dawo masunciya.

Shekarar da 'yata Nana ta rasu, zaman gida ya gagare ni, na yi ta yawon fadamun Kudan da Makarfi. A can wani manomin rake ya ba ni labarin wani ɗan ƙurungu fari sol, mai iyo a rigingine, a wani tafki bayan Furana. Na ƙudura a raina, in har sabo ne, sunan Nana zan raɗa masa. Yarinyar ko makaranta ba ta kai shiga ba. Ina so sunanta ya zauna a wani wuri ban da bakina.

Maiwada direbanmu ya tsayar da mota a bakin hanya da la'asar sakaliya.

"Malama, don Allah ki fito kafin magariba."

Na ce to, na ratsa gonar rake ni kaɗai. Ƙamshin mazarƙwaila yana tasowa daga wata bukka can nesa, kwaɗi suna ta kuka. Da na isa tafkin, jefa koma ta farko na kamo ƙurungun. Bai wuce ɗan yatsana ba, gashin bakinsa mai rassa, cikinsa da ɗigon baƙi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ya yi ɗan kukan nan na ƙurungu a tafin hannuna, siriri, sau ɗaya.

Ƙa'idar aikinmu ce, ba a raɗa wa sabon kifi suna sai an kashe guda an adana shi ya zama shaida. Na sa shi a kwalbar sinadari na rufe. Wallahi murna nake yi.

Sai kwaɗin suka yi tsit.

Wata mata na zaune a bakin ruwa, inda babu kowa ɗazu. Zanenta jiƙe sharkaf, ruwa na ta zuba daga gare shi ba ya ƙarewa. Ƙarnin laka ya danne ƙamshin mazarƙwailar.

"Sannu da aiki, baiwar Allah," ta ce a hankali. "Ba ki ga yarinyata ba? Ta fito wasa bakin ruwa."

"Ban ga kowa ba, Inna."

"Fara ce, 'yar mitsitsiya. Tana son kwanciya a rigingine tana kallon sama."

Na mayar da kwalbar bayana.

Ta ɗago kai. Idanunta ba sa ƙiftawa.

"Na ji kukanta. Sau ɗaya ta kira ni."

Na yunƙura in ja da baya, laka ta riƙe ƙafafuna. Ruwa mai sanyi ya hau gwiwata, alhali a tudu nake tsaye. Na nemi addu'a, harshena ya yi nauyi.

Ruwa ya kai ƙugu.

Na miƙa mata kwalbar.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta zazzage kifin a tafinta, ta wanke shi a hankali, ta fara da ɓarin dama, yadda aka yi wa Nana. Ta yagi bakin zanenta ta naɗe shi.

"Ke ma an ɗauke miki," ta raɗa. "Ga shi nan a idonki. Taki, a ƙasa kika sa ta, ko a kwalba?"

Ruwa ya kai ƙirjina. Kuka nake yi, kuma ba don tsoro kaɗai ba.

Can daga Furana ladan ya ɗaga murya. Matar ta rungume ɗan ƙullin, ta sunkuya ta kira sunan 'yarta a hankali, ta nutse. Lakar ta sake ni.

Maiwada ne ya tsince ni a cikin rake, ba takalmi, jikina jiƙe. Na daɗe a kwance da zazzaɓi. Da na warke na koma da abokan aiki da rana tsaka, muka tarar tafkin ya ƙafe ƙurmus ana tsakiyar damina. Ba a sake ganin farin ƙurungun a ko'ina ba.

Na bar sa kifi a kwalba, hoto kawai nake ɗauka in mayar da shi ruwa. Abokan aikina suna jimamin wai kifin ya ɓace ba a raɗa masa suna ba. Yana da suna. Na ji uwarsa ta kira shi da kunnena, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.