Kunnen da ke Gefenta

Ranar Laraba likitoci suka cire wa wani direban kamfani ƙarin da ya fito a kan jijiyar kunnensa na dama, bayan awa shida a ɗakin tiyata. Matarsa, malamar firamare, ita ta sa hannu a takardar aikin, duk da cewa sati biyar ke nan tana gidan mahaifinta, kuma yayanta ya rantse ba za ta koma ba.

A mota abin ya fara. Kullum da safe shi ke sauke ta a makaranta kafin ya wuce kamfani, tana zaune a damansa. Wata Litinin ta yi ta maza, ta kau da fuska wajen taga saboda kunya, ta ce a hankali, "Ina jin fa mun samu ƙaruwa..."

"To," ya ce, ya ƙara sautin rediyo.

Bayan kwana biyu ta sake faɗa. "To" ɗin dai ta samu. Dama watanni ke nan tana haɗiye irin wannan amsa, amma wannan ta tsaya mata a wuya. Ta haɗa akwatinta.

Sau uku ya je gidan, sau uku yayanta ya tare shi a ƙofa.

"Yaya, me na yi?"

"Au, tambaya ma kake yi? Kama hanya!"

A sati na huɗu jiri ya kayar da shi a harabar kamfani, wani abokin aikinsa ya kira ta. Ta iske shi a asibiti, a ɗakin gwajin ji, an ɗora masa abin saurare a kunnuwa, an ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ta cikin gilashi take kallonsa. Da aka saki sauti ta hagu, sai dannawa yake yi. Da aka koma dama, babban yatsansa bai ko motsa ba.

Likita ya nuna mata hoton kan mijinta, ya ce ƙarin ba ciwon daji ba ne, amma ya danne jijiyar ji, kuma kunnen ba zai dawo ba ko an cire.

Ta jira har likitan ya fita.

"Tun yaushe?"

"Shekara guda... ko fiye."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Gimbiya, wane kamfani ne zai bar wa kurma sitiyari?"

"Sai ka riƙa ce min to?"

"Na ga ita ce ba ta jawo rigima."

"Ai ka ga ba ta jawo ba!"

Ta zagaya gadon, ta zauna ta hagunsa, ta faɗa masa karo na uku, wannan karon tana kallon idonsa. Ya yunƙura ya tashi zaune.

"Yaushe kika sani?"

"Sau biyu na gaya maka, malam. Rediyo ka ƙara."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ta bar shi ya yi kukansa.

Washegarin aikin yayanta ya zo, ya tsaya a baranda da makullin mota a hannu.

"Kin yi abin da ya kamata. Tashi mu tafi."

"Yaya, bai ji ba ne fa!"

"Na yarda bai ji ba. Jirin fa, shi ma bai ji shi ba? Yana sane yake ɗaukar ki a mota kullum, ƙanwata. Ke da abin da ke cikinki."

Ita ma ta yi wannan tunanin, tun ranar da ta ga hoton. Ta leƙa ɗakin: kan mijinta a naɗe, yana ta juya kunnen hagu wajen ƙofa ko zai tsinci muryarta.

"Baba me ya ce?"

"Ya ce sai ya ga likita da kansa."

"To ina nan har ya gan shi."

Yayan ya dube ta, ya girgiza kai, ya tafi shi kaɗai.

Baba ya ga likitan ranar Juma'a da safe, ya shiga ya duba surukinsa, ya yi masa sannu, ya fita. Har zuwa yammacin ranar tana kan kujerar asibiti, akwatinta na gidan mahaifinta, kuma Baba bai ce ta koma gidan mijinta ba, bai kuma ce kada ta koma ba.