Muryar da Aka Ara a Sulina

A bakin tashar jiragen ruwa ta Sulina ne Ilinca ta fara ganin Matei, yana ɗinkin koma, zare a bakinsa. Ko gaisuwa ya kasa, sai kunnuwansa suka yi ja. Yanzu kuwa hadari ya wuce, jiragen masunta duk sun dawo, ban da nasa.

Rana na shirin faɗuwa ta nufi gidan Zamfira, tsohuwa mai duba da ƙwallon gilashi, can ƙarshen gari inda ciyawar ruwa ta fi mutum tsayi. Ɗakin na warin kyandir da busasshen kifi.

"Iya, ki taimake ni. Yana da rai?"

"Zauna tukuna, 'yar nan. Sai ka ce a kanki aka fara son masunci." Tsohuwar ta yaye baƙin ƙyallen da ke kan gilashin, ta rage murya. "Da ido kawai ake kallo. Ko wa kika gani, kada ki kira sunansa. Aljanun ruwa suna aron murya."

Gilashin ya yi duhu, sannan ya washe. Ga Matei a tsakiyar teku, rungume da katako, leɓɓansa duk sun tsage. Yana numfashi.

"Matei!"

Ba ta san lokacin da sunan ya kuɓuce mata ba.

Kwaɗin waje suka yi tsit. Harshen kyandir ya kwanta, alhali babu iska. Warin laka ya cika ɗakin.

A cikin gilashin, ƙarƙashin ƙafafun Matei, wata fuska ta ɗago, fara fat. Fuskar Ilinca ce.

Ta kira shi, da muryar Ilinca.

Matei ya saki hannu ɗaya.

Zamfira ta jefa ƙyallen kan gilashin. Ruwan gishiri ya fara ɗiga daga teburin. Wani abu mai sanyi ya damƙi maƙogwaron Ilinca.

"Fita! Kada ki waiwaya!" in ji tsohuwar.

Ilinca ta fizge, ta yi waje da rarrafe.

Washegari wasu masunta suka tsinto Matei da sauran numfashi. Ita kuwa muryarta ta dishe, ba ta ƙara dawowa daidai ba.

A gadon asibiti ya riƙe hannunta. "Na ji kina kirana daga ƙarƙashin ruwa. Saura kaɗan in biyo ki, sai kiran ya katse."

Ilinca ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Na yi maka alkawari, ba zan sake kiran sunanka ba sai inda kake ganin bakina. In ka ji ni a teku, Matei, ba ni ba ce. Ka riƙe katakonka."