'Yar Koci Dramov

Akwai wata yarinya a Bulgeriya wadda ta gaji da ƙaura. Mahaifinta, Zahari Dramov, ɗan wasan gaba ne a dā. Ya sha zura ƙwallo a raga, har ranar da gwiwarsa ta karye. Daga nan ya zama koci.

Aikin koci ba shi da tabbas. In ƙungiya ta sha kashi, sai a sallame shi. Sai su ɗaure kaya su nufi wani gari. Mahaifiyarta kuma tana can Sifen tana aiki a gidan tsofaffi.

A bana suka sauka a wani ƙaramin gari a bakin kogin Danube. Ƙungiyar garin da aka ba shi ba ta da ƙarfi. Kowace Asabar sai an ci ta.

A sabuwar makaranta, wani yaro mai suna Tsanko ya ji sunanta.

"Dramova? Ke 'yar gurgun kocin nan ce?"

Yara suka zuba mata ido. Ta gaji da zama baƙuwa, tana son ƙawaye.

"A'a," in ji ta. "Suna ne ya zo ɗaya."

Ran Asabar ta bi 'yan ajinsu filin wasa. Suka zauna suna ɓare 'ya'yan kabewa. Aka ci ƙungiyar uku da nema. 'Yan kallo suka miƙe da ihu.

"Dramov, tattara kayanka! Tafi gida ka yi kiwon akuya!"

Tsanko ya zungure ta. "Ke ba ki da baki ne?"

Sai ita ma ta ɗaga murya. "Tafi gida!"

Daidai lokacin Baba ya waiwayo. Idonsa ya faɗa kanta. Ya juya yana ɗingishi.

Da ta koma gida, ta tarar ya ɗora ƙanƙara a gwiwa. Miyar wake tana kan wuta.

"Zuba ki ci, 'yata," ya ce. "Ni ba na jin yunwa."

Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta ajiye cokali, ta bar miyar.

Ran Litinin ta fita da sauri, ta manta da banitsa, wato burodi mai cuku da Baba ya gasa mata. Ana cikin darasi, Malama Rusanova ta kira ta waje. Ta miƙa mata ƙunshin da ɗuminsa.

"Mahaifinki ya kawo. Na ce ya shigo, ya ƙi."

"Me ya sa, Malama?"

"Ya ce kada ya ba ki kunya a gaban ƙawayenki."

Yarinyar ta leƙa ta taga. Ga shi can ya kusa bakin titi, yana jan ƙafa cikin ruwan sama. Hawaye suka zubo mata.

"Malama, na ce musu ba babana ba ne."

"Na ji labari. To, me za ki yi yanzu?"

Ta ruga ta buɗe tagar ajin. Kowa yana kallo.

"Baba! Baba, tsaya!"

Ta fita da gudu ta rungume shi. "Ka yafe mini."

Ya sauke dogon numfashi. "Shekara da shekaru ana yi mini ihu, na saba. Naki ne kaɗai ya shiga ƙirjina."

"Ba zan ƙara ba."

"Ya wuce. Koma aji, kin jiƙe."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Yara suka riƙa kiran ta maƙaryaciya. Ta ci abincinta ita kaɗai. Ba ta musa ba, don ta san ta yi ƙaryar.

Wata rana Tsanko ya matso yana sosa ƙeya.

"Kakana ya ce babanki da ƙafar hagu yake fasa raga a dā. Zai koya mana?"

"Ka tambaye shi da kanka. Amma ka fara ba shi haƙuri."

Da yamma yara suka cika bayan makaranta. Baba ya ajiye ƙwallo, ya nuna musu yadda ake dasa ƙafa kafin bugu. Tsanko ya buga, takalminsa ya tashi sama, ƙwallon tana nan. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da ta ji dariyarsa an daɗe.

Tun daga ranar ta gane abu guda. Ba a gudun iyaye don neman ƙawaye. Ko sun yi nasara ko sun faɗi, naka ne, ka tsaya kusa da su.