Ɓallin Katakon Gaudenzio

Da magariba na hau saman bene in sauko da gogen da na shanya. A Cremona ba a barin goge a rumfar shanya idan hazo ya taso daga kogin Po, don laima tana ɓata man sheƙi. Ƙafafuna sun yi nauyi. Tun bazara nake kan wannan aiki, idanuna har yaji suke yi.

Gogen ya haura shekara ɗari biyu. Wani Gaudenzio Ferlenghi ne ya sassaƙa shi, mutumin da bai yi suna ba, amma an ce ko ɗan cikinsa bai yarda ya taɓa masa katako ba. Ƙwaro ya cinye gefen gogen. Na yanke inda ya ruɓe, ɗan siriri, na yi faci da sabon katako.

Ɗazu da rana Kawu Evaristo, wanda muke shago ɗaya da shi, ya tambaye ni ɓallin da na cire.

Na ce, "Yana murhu. Ya riga ya zama gari, Kawu."

Ya ajiye kofinsa. "Ornella, duk karatun naki? Abin da aka cire a jikin tsohon goge ƙunshe shi ake yi, ya bi gogen duk inda za shi. Ko ƙura ce."

"To ka shiga toka ka nemo."

"Bakinki ya fi wuƙarki kaifi," in ji shi. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

A rumfar, goguna na rataye a waya. Hazo ya riga ya cinye rufin maƙwabta. Na sauke na Gaudenzio, na riƙe shi a wuya da hannun dama.

Sai na ji warin dafaffen gam, mai zafi. Tukunyar gam kuwa tana can ƙasa, a kashe.

Ƙwas. Ƙwas.

Duk mai sana'armu ya san wannan ƙara. Haka muke ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, mu kara kunne, mu ji ko zai yi murya.

Ƙwas, a jikin ginshiƙi. Shiru. Wani ya yi tsaki.

Ƙwas, a bayan gogen farko. Ya yi lilo, alhali babu iska. Sai na biyu. Sai na uku. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, ana matsowa.

"Kawu?" na ce a hankali. "Wasan ya isa."

Gogen da ke kusa da kunnena ya motsa.

Wani hannu ya kama tsintsiyar hannuna na hagu. Sanyi ƙalau, ga kanta irin ta masassaƙa. Ban ga kowa ba, sai hazo da ya yi kauri a gabana.

Aka juya hannun, kamar yadda nake juya katako a kasuwa.

Ƙwas, a ƙashin.

Wata murya ta yi raɗa, a gajiye kamar tawa. "Wannan ya bushe. Zai yi."

Na ji sanyin wuƙa a kan ƙaramin yatsana. Babu zafi. Ana auna tsawon da za a ɗiba. Daga nan bakin wuƙar ya gangaro tafin hannu.

Da wannan hannu nake ci. Ban iya komai ba sai wannan aiki.

Na ja baya har bayana ya bugi ƙarfen baranda. Na miƙa gogen waje, a saman titin dutse.

"Maigida Gaudenzio," na ce, "cika ni, ko gogenka ya faɗi."

Wuƙar ta tsaya.

Na buɗe yatsa ɗaya daga wuyan gogen. Na buɗe na biyu.

Aka yi dogon nishi. Hannun ya sake ni.

Ban san yadda na sauka ba. Na tsinci kaina a shago, zaune a ƙasa, gogen a ƙirjina.

Babu rauni, babu jini. Amma daga ranar ƙaramin yatsana na hagu bai ƙara lanƙwasawa ba. Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni yaushe aka yi mini aiki, don an fere siririn ɓalli a gefe, an kuma goge wurin sumul.

Kawu Evaristo ya haska gogen da fitila, ya kasa gano facina. Bai yi mini gori ba.

Mai gogen, wata makaɗiya ce daga Parma, ta zo karɓa. Ta gwada shi a tsakiyar shago, ta ce bai taɓa yin daɗin murya haka ba. Ni kuwa na ɓoye hannuna a aljihu. Duk sautin da ta ja, a cikin yatsan nake jin sa.