Filin da Aka Bayar Sau Biyu

"Ka ƙyale ni, Kafinta! Babanka ya maka babana a kotu, kai kuma kana ce min hasken idonka?"

"To ni na kai shi? Haba Auta, haba zuciyata..."

Auta ta juya masa baya, ta ci gaba da taka keken ɗinki kamar keken ne ya yi mata laifi. Duk rigimar a kan wani ɗan fili ne tsakanin gidajensu, wanda ko akuya ba za ta juya a cikinsa da daɗi ba. Babanta, tsohon direba, ya ce nasa ne. Baban Kafinta, mahauci, ya rantse nasa ne. Tun ranar aka rufe maganar aurensu ruf!

"Abin da ya fi min ciwo," in ji Auta, "Baba ya ba ni filin nan tuntuni, ya ce in yi shago."

Kafinta ya zaro ido. "Ke ma? Ni ma Baba ya ba ni shi a gaban abokansa!"

Suka kalli juna... sai dariya.

Wata lauya da Auta ke yi wa ɗinki ce ta nuna musu hanya: duk mai haƙƙi a abin da ake shari'a a kai yana iya roƙon kotu ta saka shi cikin ƙarar. Suka roƙa, aka saka su.

Ranar zaman kotu, Direba ya hango 'yarsa ta miƙe.

"Auta! Da ni za ki ja a gaban alƙali?"

Ta juyo gare shi. "Baba, ba da kai nake ja ba. Kyautarka nake karewa."

Alƙali ya dube shi. "Ka ba ta?"

Direba ya buga ƙirji. "Na ba ta! Tunda nake ban taɓa yin kyauta na janye ba!"

"Ni ma na ba ɗana!" in ji Mahauci. "Na ma riga shi!"

Alƙali ya ce, "To kun fita ku biyun, saura yaran. Kafinta, za ka ja da ita?"

"Ranka ya daɗe, ni da nake roƙon ta karɓe ni har da filin?"

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa.

A waje Auta ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, ka yafe min..."

Direba ya dube ta, ya gyara hula.

"Tashi, uwata. Duk garin nan wa ya haifi 'yar da ta kayar da dattawa biyu a zama ɗaya?" Ya juya ga Mahauci. "Ka turo manyanka a yi magana. Amma ka sani, rufin shagon ni zan yi."

"Kai wa? Wallahi ni zan yi!"

Kafinta ya sunkuyo, ya yi mata raɗa: "Bar su, masoyiya. Ɗaya ya yi rufi, ɗaya ya yi daɓe."