Zanin Goyo a Garin Dutse

"Sauke ta mana, Hairi! Nan ba Kurmin Kogi ba ne, kowa sai kallonmu yake."

"Su kalla. Ai ba satar ta na yi ba."

"Yarinya mai shekara uku da rabi a baya? Haba, ki rufa min asiri!"

Na ɗaga kai na dubi mijina. Sunansa Ja'afaru. A takarda nake iya rubuta shi, amma tunda aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa furta shi ba. Yaya nake ce masa.

'Yarmu Lantana tana wata shida kamfanin tumatirin da yake wa aiki ya turo shi Italiya koyon gyaran inji. Wata tara aka ce. Kafin ya gama, gwamnatin soja ta shiga tsuke bakin aljihu, kamfanin ya rufe, shi kuma ya zauna. Sai bana ya aiko mana da tikitin ziyara ta wata guda. Shi a ganinsa yawon buɗe ido na zo. Ni kuwa zuwa na yi in koma da mijina gida.

"Yaya, saura kwana huɗu mu tafi. Har yanzu ba ka ce min komai ba..."

"In koma in yi me, Hairina? In bi layin sabulu da madara?"

"Innarka kullum da la'asar sai ta zauna a zaure tana kallon hanyar Ikara."

"Yau ranar biki ce. Ki bar maganar nan, don Allah."

Na kwance zanin, na sauke 'yata.

Garin tsoho ne, an ɗora shi a kan dutse kamar tulu a kan gammo, ga ganuwa ta zagaye shi. Lungunansa duk matakala ne, jaki biyu ba za su gifta juna ba. Rana ta take, mutane sun cika ko'ina. Maza sanye da kayan kakanninsu suna kaɗa ganguna, wasu na cilla tutoci sama suna cafewa, ƙararrawar coci tana amsawa. Ni dai hannun Lantana na damƙe.

A bakin dandali igiyar takalmina ta tsinke.

"Yaya, riƙe ta in gyara."

Ya miƙa hannu, ta maƙale kafaɗa. Shi ma bai matsa ba. A gidansu uba ba ya rungumar 'yar fari a bainar jama'a, kunya ce, haka aka tashe shi. Sai ya ce, "Ga ta nan kusa da ni, ina gani."

A Kurmin Kogi wannan ya isa. Yaro ya ɓace, kafin ka sha ruwa wata ta riƙo shi ta kawo. Na sunkuya. Masu ganguna suka ratso, jama'a suka turo kamar ruwan kogi.

Da na ɗago, babu Lantana.

"Ina take?!"

"Yanzu fa... yanzun nan tana nan!"

"Innalillahi! Cewa na yi ka riƙe ta!"

Ya yi hagu, na yi dama. Ina kutsawa ina kiran sunanta, gangunan suna haɗiye muryata. Na tare wata mata, na nuna mata tsawon 'yata da hannu, ta yi min magana mai yawa, ko kalma ɗaya ban gane ba. Na tare wani dattijo, ya yi murmushi ya nuna min masu tuta, ya zaci hanya nake tambaya. Ga baki, ga harshe, amma na zama kurma bebiya. Zanin goyon kawai ke hannuna, na ƙanƙame shi ina kuka.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na hau wata matakala mai tsawo, daga can na hango Yaya ƙasa, kusa da wata rijiyar dutse. Mutane sun kewaye shi. Wata tsohuwa ta ɓoye Lantana a bayan siket ɗinta, ɗan sanda ya tokare masa ƙirji. Duk sa'ad da ya miƙa hannu sai yarinyar ta tsala ihu.

"Yaya!" Bai ji ba. "Yaya!!"

Na ga ɗan sandan ya kama masa hannu. Ban san lokacin da sunansa ya fita daga bakina ba.

"Ja'afaru!!!"

Ya juyo kamar wanda aka harba. Lantana ma ta juyo, ta fizge, ta sheƙo da gudu ta faɗa jikina.

"Umma! Mutumin nan zai ɗauke ni!"

Tsohuwar ta dafa ƙirji tana ta surutu, ɗan sandan ya sake shi yana ba shi haƙuri. Shi dai bai motsa ba. Da ya iso inda muke, sai ya zauna a kan matakalar, a ƙasa, cikin fararen kayansa.

"Na gaya musu 'yata ce, Hairi. Da yarensu na gaya musu, na rantse musu. Suka ce in 'yarka ce, me ya sa take gudunka?" Muryarsa ta karye.

Ina so in ce masa ai na gaya maka. Da na ga hawayensa, na kasa.

"Mutumin nan," ya maimaita a hankali. "Haka take ce min?"

"Ni na koya mata ta ce maka Baba. Amma hoto na nuna mata, Yaya. Hoto ba ya goyo."

Ya daɗe yana kallon zanin da ke hannuna.

"Ba ni."

"A nan? Kowa fa na kallo."

"Su kalla."

Ya durƙusa ya ba ta baya. Ta noƙe, ta ce sai dai in Umma za ta riƙe mata ƙafa. Na ɗora ta, na ɗaure masa zanin da kaina, don ko ɗaurin bai iya ba. Haka muka fara gangarowa daga dutsen, hannuna a kan ƙafar 'yata, jikinta a sandare.

"Jirgin Laraba," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "kujera nawa aka ba ku?"

"Biyu."

"Ba ni da komai a can, Hairina. Ko aiki. Sai gonar Baba da ta zama saura."

"Na sani. Ni ma ban san yadda za mu yi ba."

Muka wuce ƙofar ganuwa, gangunan suka fara nisa.

"Gobe mu je mu tambaya ko akwai ta uku."

A bayansa, Lantana ta gaji da ɗage kai, ta kwantar da kumatunta a kafaɗarsa.