A Share Mini Ɗaki

Masu wucewa suna jin tausayin mutumin da ke zaune a bakin ƙofar babban gidan nan, don ba su san da ƙafarsa ya je ya sayo abin da ya same shi ba.

Mai hoto ne. Gidajen masu hannu da shuni yake ɗauka, yana aiki a ƙarƙashin wata mai tsara ɗakuna da kowa ke kira Uwar Ɗaki. Ita ke zaɓen labule, ta gyara zaman kujeru, shi kuma ya kafa kyamara yana jiran hasken taga ya kwanta. Kafin ya danna sai ta tafa hannu ta ce, "A share mini ɗaki!" Ba tsintsiya take nufi ba. Kowa ya fita take nufi, har masu gidan, don ba ta yarda mutum ya fito a hoton ɗaki.

Wata rana ya yi kuskuren da duk mai hoto ke gudu. Surarsa ta fito a gilashin kabad, da koɗaɗɗiyar rigarsa. A gaban mai gida da matarsa Uwar Ɗaki ta ɗora farce a kan fuskarsa a hoton.

"Wa ya bar mini wannan dattin a gilashi?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ta haƙori. Ya koma ɗakin haya inda mahaifiyarsa da matarsa da ƙaninsa da 'yarsa ƙarama ke cushe, maganar na ci masa rai. Maimakon ya haɗiye, sai ya nemi boka.

A wani kango ya same shi, cikin ɗaki marar taga. Fasassun madubai jingine, duk sun ba mutum baya. Ga ƙwarya da baƙin jini ya daskare a ciki, ga ƙahoni ɗaure da jan ƙyalle, wari kamar na mahauta. Fitila na ci, amma idon mai hoto ya lura bokan ba shi da inuwa. Nan ya kamata ya juya. Ya zauna.

"Gida nake so irin na hotunana," in ji shi. "Kuma Uwar Ɗaki ta zo ta yi mini aiki tana sunkuyar da kai."

"Irin na hoto, ko mai kama da shi?"

"Irinsa sak, ba ragi ba ƙari."

"Duk ɗakin da aka ɗauka a gidan, yadda ya fito a hoto haka zai tsaya. Ka yarda?"

Shi ya ɗauka ana nufin ba ƙura, ba tsufa, har ya yi murmushi. "Me zan biya?"

"Ka riga ka faɗa da bakinka." Boka ya karɓi ƙyallen da yake goge idon kyamara, ya tsoma a ƙwaryar, ya miƙo masa a bushe.

Arziki ya zo a guje. Manyan otal suka riƙa yin layi a kansa, ya gina gida mai bene, ya aika a kira Uwar Ɗaki, wadda kasuwarta ta mutu ba dalili. Ta zo. Ya sa ta cire takalmi tun daga ƙofa, ya sa ta sauke labule ta mayar har hannunta ya yi kanta. Ya kafa mata doka: ko hoto ɗaya na aikinta ba zai ba ta ba, kada ta samu abin nuna wa masu ba da aiki. Daɗi ya ji, daɗi sosai.

Da aka gama ɗakin mahaifiyarsa, shi ya tafa hannu da kansa yana kallon Uwar Ɗaki.

"A share mini ɗaki! Inna, ɗan fito."

Tsohuwa ta dogara sanda ta fito tana sa masa albarka. Ya danna. Ta ɗaga ƙafa za ta koma, ta faɗi a bakin ƙofa, ko shurawa ba ta yi ba. Aka ce tsufa ne. Ya ɗauki ɗakin barci, zazzaɓi ya tafi da matarsa a gadon asibiti. Ya ɗauki ɗakin ƙaninsa, saurayin ya tuɓe riga ya bi titi yana ihu wai bango na tura shi waje. Falon da ya ɗauka kuwa, shi kansa in ya zauna a ciki sai numfashi ya ƙi.

Sai a lokacin ya zuba hotunan ya duba da kyau. Ɗakuna tsaf, ba kowa a ciki. Abin da ya roƙa ke nan.

Ya rotsa kyamarar da turmi. Ɗakin 'yarsa kaɗai ba a ɗauka ba, nan suka tare su biyu. Ya bazama neman boka, ya tarar da kango ba ko ƙwarya.

Da ya dawo ya ga takalmin Uwar Ɗaki a ƙofa. Ta zo kwashe kayan aikinta, ta ga mai gida ba ya nan, ta ce a ranta bari ko da waya ta samu hoto ɗaya na guminta. Yana kan matakala ya ji tafin hannu, ya ji muryarta a tausashe.

"'Yata, ɗan fita. A share mini ɗaki."

Ya kurma ihu, ya haura a guje. Yarinyar na tsaye a baranda, ta juyo tana murmushi ta ce, "Baba," sai wayar Uwar Ɗaki ta yi ƙarar ɗaukar hoto. Ita ma haka ya rasa ta.

Har yau gidan na nan, labule bai koɗe ba, ƙura ba ta sauka ba, ko ƙadangare ba ya shiga. Shi kuma yana bakin ƙofa cikin tsumma, yana roƙon masu wucewa su shiga su ɓata masa ɗaki.

Kai da ke leƙen gidan wani zuciyarka na tafasa, ka kiyayi kwaɗayi, ka kiyayi ramuwa. Boka ba ya ƙara maka komai, abin da ka roƙa yake ba ka. Kafin ka tafi, juya ka dubi waɗanda ke cushe da kai a ɗakin hayarka, don da su za ka biya.